Hannun Baba Ngaradoum a Kan Wutsiyar Jirgi

Shekara talatin da ɗaya, kullum da sassafe Baba Ngaradoum, makanikin ƙananan jirage a Anjamena, yakan ajiye kofin shayinsa ya ja tsani zuwa bayan jirgi. Kowa na wajen inji, shi yana wajen wutsiya. Zai ɗaga ƙaramin fiffikenta da tafin hannu, ya sauke a hankali, yana sauraron igiyar ƙarfen da ke ciki.

Idan aka tsokane shi sai ya ce, "Ku yi ta dariya. Fiffike ke ɗaukar jirgi, amma wutsiya ke ɗaga masa hanci. Matuƙi ya ja sitiyari, iska ta danne wutsiya ƙasa, hanci ya tashi. Ranar da ta ƙi, titi zai ƙare muku kuna ta gudu."

Ku tambayi Achta, matuƙiyar da ke kai magunguna garin Faya. Wata safiya ya taɓa wutsiyar jirginta, ya ji ta yi sako-sako.

"'Yata, yau ba inda za ki."

"Haba Baba, marasa lafiya na jira! Kai da wutsiyar nan, ko aurenta za ka yi?"

"Ai na aura tun ba a haife ki ba. Miƙo mini sifana."

Da aka buɗe, igiyar ta tsintsinke, sili uku suka rage. Achta ta zauna daɓas a ƙasa.

Kai ne wanda fasinja bai taɓa sanin sunansa ba, Baba. Kai ne mai tafin hannun da ke ji kafin ido ya gani.

Watan jiya ya yi ritaya, aka karɓi katinsa na shiga filin jirgi. Wallahi abin ya yi masa ciwo. Bai roƙi komai ba, sai dai a bar shi ya taɓa wutsiya sau ɗaya da safe, doka kuwa ta hana. Kewa na cin sa, mu abokan aikinsa ma tana cin mu.

Mun gode, Baba, Allah ya saka. Ku masu tasowa, ku koyi duba inda ba a kallo.

Yanzu a bayan shingen waya yake tsayawa. Achta ta ce duk sanda ta taho da jirgi a guje za ta tashi takan hango shi, tafinsa a buɗe, yana danna iska ƙasa a hankali. Ba ya sauke hannun sai hancin jirginta ya tashi.