Zuman Kawu a Huren Albasa

Kawuna, wan mahaifiyata, manomin albasa ne a ƙasan dam ɗin Gwaranyo. Tun da aka fara sako ruwan noman rani yake barin kashi guda na gonarsa ya yi fure don ya samu iri. Yana kuma da amyar zuma a kan wani gawo, kusa da hanyar Shinaka. Ni kuwa lokacin ina koyarwa a firamare a Wurno, ranakun hutu kawai nake zuwa wurinsa.

Wata shekara irin ya fara fitowa ba ƙwaya, sai ƙaiƙayi. Kawu ya ɗora laifin a kan taki. Ana cikin haka wata malama ta zo daga jami'a, ta tara manoma ƙarƙashin mangwaro. Ta ce su ma ba su san abin da ke faruwa ba, kuma ba za su iya zama kowace gona ba. Roƙonta shi ne kowa ya zauna gaban furen albasarsa da hantsi, ya ƙirga ƙudan zuman da suka sauka, a aika mata ta waya.

Mutane suka yi dariya. Kawu bai yi ba.

"Mi za a yi da ƙidayar ƙuda, Malama?" ya tambaye ta.

"Baba, su ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan. In babu su, babu iri."

Washegari ya shimfiɗa buhu a bakin kwamin albasarsa ya zauna. Duk ƙudan zuman da ya sauka kan fure sai ya jefa tsakuwa cikin hularsa. In na zo ranar Asabar ya faɗa mini, ni in aika. Da yake gonaki da yawa sun shiga, daga Rabah har Giyawa, abin ya fito fili: duk inda aka yi feshin magani da safe, kwanakin da suka biyo baya ƙudan zuma sai ɗaiɗai. Kawu ya bi maƙwabtansa gona-gona yana lallashi, har yawancinsu suka yarda su mayar da feshi bayan la'asar, su kuma bari sam in albasa na fure. Rani biyu bayan nan iri ya fara yin nauyi a hannu.

A daminar da ta biyo 'yan bindiga suka shiga yankin. Aka kwashe shanu, aka kashe wani maƙwabcinsa a kan hanya. Muka ɗauko Kawu muka kawo shi gidana a Wurno, yana ta gardama.

"Amyata hwa? Wa ka duba ta?"

Babu mai dubawa. Daga baya muka ji an sa wa gawon wuta don a sha zuman. Ban faɗa masa ba, amma wani baƙo ya faɗa wajen gaisuwa. Kawu ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Daga ranar ya rage cin abinci.

Ya rasu kafin rani ya kama. Malamar ta bugo mini waya tana cigiyarsa, don tana son ya yi wa manoman Lahodu bayani. Na gaya mata. Ta yi mini ta'aziyya.

Gonar tana nan, ciyawa ta cinye ta. Har yau cikinmu babu wanda ya iya komawa.