Injiniya Isyaku da Kwamfutar da Ke Bin Layi

Ranar Talata ce, ƙarfe goma saura kaɗan na safe. Mu uku ne a ɗakin watsa shirye-shirye na ƙaramin gidan rediyonmu a Kontagora: ni Hadiza mai karanta labarai, da Injiniya Isyaku, da abokin aikinsa Bitrus, mutumin Rijau. An ɗauke wuta, an tayar da janareto, muna jiran babbar kwamfuta ta farfaɗo.

Kun san tsayuwar Injiniya. Hannu a baya, yana duba allo kamar liman mai gyara sahu. Kwamfutar tana aiki da babbar manhajar Linux ne, a kan tsohon tsari: manhajoji su tashi ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta jira ta gabanta. Shi ya rubuta umarnin da hannunsa, har ya sa a ƙarshe ta gaishe shi: "Barka da aiki, Injiniya."

Na ce, "Injiniya, goma ta gota!"

Ya ce, "Labarin da ba zai iya jira ba, dama gulma ce."

Bitrus ya ce akwai sabon tsari, manhaja guda ce ke tayar da sauran gaba ɗaya. "Yaya, kafin ka kurɓi shayi an gama."

"Wato tashar mota ranar kasuwar Salka! Kowa ya cusa kai. Kuma mutum ɗaya ya riƙe ƙofa, ya riƙe makulli, ya riƙe agogo? Ranar da ya kwanta ciwo fa?"

Har a intanet Injiniya bai bar mutane sun huta ba. Wani baƙo daga wata ƙasa ya kira shi tsohon yayi. Na tambaye shi me ya mayar masa. "Na yi masa addu'a Allah ya kai shi shekaruna, ya ga abin da yara za su yi masa."

Da ya tafi biki Bangi, manaja ya ba Bitrus umarni, Bitrus ya sauya tsarin. Injiniya ya dawo, aka ɗauke wuta, aka tayar da janareto, kafin ya kai hannu baya kwamfuta ta tashi. Ya daɗe yana kallon allo.

"Ba ta gaishe ni ba."

Daga ranar bai sake yi wa Bitrus magana ba. Teburinsu ɗaya, amma ta bakina saƙo ke bi. "Hadiza, gaya wa mutumin Rijau wayarsa ta kwance." Bitrus ya ce, "Gaya wa Yaya na ji." Mu kuwa muna ta dariya, kai! Mutanen da suka yi shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya, har ma Injiniya ne ya je nema wa Bitrus aure. Babu wanda ya zaunar da su, har da ni. Nishaɗi muka mayar da abin.

Injiniya ya yi ta jiran sabon tsarin ya faɗi. Bai faɗi ba. Wannan ne ya fi ci masa rai.

Da ciwo ya kwantar da Injiniya, muka je asibiti tare da Bitrus. Injiniya ya dube ni, ba shi ba. "Tambaye shi, har yanzu da sauri take tashi?"

"Da sauri, Yaya."

"To."

Iyakar abin da suka yi ke nan.

Allah ya jiƙanka, Injiniya, ya yafe maka taurin kai, ya yafe mana dariyarmu. Allah ya sa inda ka je an tarbe ka da gaisuwa.

Bayan sadakar bakwai Bitrus ya mayar da gaisuwar cikin sabon tsarin. Tana fitowa duk lokacin da aka kunna, amma tana wucewa kafin a iya karanta ta.