Baba Ilu da Ƙararrawar Keke

Duk wanda ya zauna unguwar Ulaisha, can ƙasar Larabawa, ya san Baba Ilu direba ba ya fita sai da rabin littafi a aljihu. Rabi fa! Littafin ilimin halayyar ɗan Adam ne, wani fasinja ya manta shi a mota, bayansa a yage. Babi uku kacal suka tsira, na mutanen da suka fara ilimin. In ka ce sauran fa, sai ya ce, "Na baya surutu kawai suka ƙara."

Mu 'yan ɗakinsa duk mun sha gwaji, amma ni na fi kowa. Shekarar da na yi hatsari da motar kayan miya a hanyar Aziziya, na fita lafiya lau, sai dai da na kama sitiyari hannuna ya hau rawa. Kafil, wato ubangidana, ya ba ni sati biyu: ko in yi tuƙi, ko ya soke iƙamata, takardar izinin zama, in koma gida.

"Kwantar da hankalinka, Sabi'u," in ji Baba Ilu. "Babi na ɗaya."

Wannan na wani Bajamushe ne da ya ce mutum ya leƙa cikin ransa ya faɗi abin da ya gani, ana auna lokaci. Baba Ilu ya zaunar da ni, ya riƙe agogo.

"Me ka gani a ciki?"

"Tuwo, Baba."

"Daƙiƙa huɗu." Ya rubuta. "Bajamushen nan da ƙosassu ya yi aiki."

Babi na biyu na likitan mafarki ne. Baba Ilu ya kwantar da ni a katifa da rana tsaka, ya zauna ta bayan kaina. Na ce na yi mafarkin raƙumi yana jifana da tumatir.

"Raƙumin nan mahaifiyarka ce."

"Haba Baba! Innata?"

"To kafil ne. Littafin ma bai tsaya wuri ɗaya ba."

Sai babi na uku, na Barashen da ke kaɗa wa kare ƙararrawa kafin ya ba shi abinci, har kare ya koma dalalar da yawu da jin ƙarar kawai. Baba Ilu ya samo ƙararrawar keke ya ɗaure a cikin motarsa, ya sayo dabino.

"Wato ni ne karen?"

"A ilimance kawai, ɗana."

Na taɓa sitiyari, ƙirrr, dabino. Na tayar da mota, ƙirrr, dabino. Kwana tara yana zaune gefena bayan la'asar, ya bar fasinjojinsa. Mutumin da ke shanya ganyen shayi ya sake dafawa, shi ne ya ƙarar da kwali biyu na dabino a kaina. Ran na goma na kai mu Aziziya na dawo da mu, hannu ko gezau. Iƙama ta tsira.

Ya yi ta cika baki wai Barashe ya ci gasa. Ban yi masa musu ba, amma ni na san zamansa kusa da ni ne ya warkar da ni.

Bayan rasuwarsa, ina tafe a unguwar Batha wani mai keke ya kaɗa ƙararrawa. Wallahi nan take bakina ya cika da yawu, kafin in ankara idona ma ya cika. Wannan kam babu shi a babi ukun.

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya haskaka kabarinsa, ya ciyar da shi dabinon Aljanna.