Abin da Sakatare Ya Ƙara a Bakin Likita

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin nas, ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mana allurar rigakafin ciwon huhu ba. A daminar 1979 ne, ina sista mai kula da sashen yara masu sikila a wani asibiti a nan Jos. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Bari in fara da bayani saboda waɗanda ba aikinsu ba ne. Yaro mai sikila, saifarsa ba ta aiki yadda ya kamata. Ƙwayar cutar da ke sa ciwon huhu, wadda kan haura ta zama sanƙarau, tana iya kayar da shi tsakanin safiya da yamma. Shi ya sa dokarmu ɗaya ce ga iyaye: da jikin yaro ya yi zafi, a taho da shi, ko ana tsakiyar cin abinci ne.

Likitanmu, Dakta Okeke, ya tara mu kafin a fara allurar. Ya ce ƙwayar nan ba iri ɗaya ba ce, ta haura iri tamanin, kowace da irin ɓawon da ta lulluɓe kanta da shi. Allurar kuwa iri goma sha huɗu ta ƙunsa, an zaɓe su ne bisa waɗanda suka fi damun mutane a ƙasashen da aka haɗa ta. Ba mu da tabbacin su ne suka fi yawo a nan. Za ta taimaka ƙwarai, in ji shi, amma dokar zazzaɓi tana nan daram.

Ranar da aka tara iyaye, sakataren asibiti, Alhaji Bala, ya ce shi zai yi tafinta, tunda Dakta bai daɗe da zuwa Jos ba, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Alhaji ba ma'aikacin lafiya ba ne, harkar ofis ce tasa, amma yana gaba da ni nesa ba kusa ba. Kuma ya daɗe yana ƙorafin cewa iyayen masu sikila sun cika masa baranda.

Dakta ya yi bayaninsa da Turanci tiryan-tiryan. Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "Jama'a, likita ya ce ku gode wa Allah. Daga yau 'ya'yanku sun rabu da ciwon huhu. Ba sai kun riƙa kwasowa da gudu a kan kowane ɗan zazzaɓi ba."

Aka ɗau tafi. Dakta yana murmushi, shi a zatonsa maganarsa ake yi wa.

Na ratsa mutane na sami Alhaji. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba haka Dakta ya ce ba. A gyara tun ba su watse ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Sista, ke ce tafinta ko ni? Ki tsorata su da iri tamanin, su gudu, allura ta lalace a firij. Koma bakin aikinki."

Na gaya wa Dakta nan take, ya kira Alhaji gefe, Alhaji ya ce ai sauƙaƙa wa mutane ya yi. Kafin su gama gardama, rabin iyayen sun fice. Duk uwar da ta miƙo mini hannun ɗanta na faɗa mata gaskiya, amma wasu sai su ce, "To ai babban ya riga ya yi bayani."

Cikinsu har da Malam Sabo, tela daga Anguwan Rogo, uban wata yarinya Rabi mai shekara shida. Mutumin nan bai taɓa yi mana jinkiri ba. Ya sha shigowa da ita a kafaɗa, tef ɗin awo na rataye a wuyansa, don ko ajiye shi bai tsaya yi ba.

Bayan 'yan watanni Rabi ta yi zazzaɓi. Uban ya ba ta maganin zafin jiki ya koma kan keken ɗinkinsa, hankalinsa kwance. Sai da wuyanta ya sandare, ta daina gane uwarta, sannan suka kawo ta. Muka sa mata ƙarin ruwa, muka ɗura mata fenisilin ta jijiya, Dakta ya ɗebi ruwan ƙashin bayanta don gwaji. Kafin la'asar, Rabi ta cika.

Malam Sabo bai yi kuka ba. Ya tsaya a bakin gado ya ce, "Sista, ba ku ne kuka ce ta rabu da shi ba?"

An aika ƙwayar da aka samu a jikinta wani ɗakin gwaji mai nisa. Da sakamako ya dawo, irin da ya kashe ta ba ya cikin sha huɗun nan.

A taron ma'aikata na gaba, Alhaji Bala ya buɗe baki ya ce matsalar mutanenmu jahilci ne, sai yaro ya kusa mutuwa suke kawo shi. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Wane jahilci, ranka ya daɗe? Mutumin da ya fi kowa zuwa da wuri? Kai ka ce masa ya zauna a gida. A gabana ka faɗa, a gaban mutum nawa!"

"Sista, ki san da wa kike magana."

"Na sani. Shi ya sa nake faɗa."

Dakta Okeke ya goyi bayana, amma duk da haka aka rubuta mini takardar gargaɗi kan rashin ladabi. Shi kuwa Alhaji ko tambayarsa ba a yi ba.

Ni da Dakta muka bi gidajen yaran bayan tashi daga aiki, Anguwan Rogo, Rikkos, Congo-Russia, wannan karon ni ce tafinta. Aikin ya fi na farko wuya, don labarin Rabi ya riga mu isa. Wata 'yar kasuwa, Mama Nkechi, wadda saura ƙaramin ɗanta ba a yi wa allurar ba, ta ce mini da Hausarta ta kasuwa, "Allura ɗin ƙarya ne, ba zan kawo ƙaramin ba." Na zauna a kan bencinta ina lallashi, cewa allurar tana kare yaro daga iri da yawa, ba dai duka ba. Ta kawo shi daga baya. Wasu ba su sake yarda da mu ba har na bar sashen.

Ku da kuke farkon aikin nas, alluran yanzu sun fi namu, amma har yau babu wadda ta rufe kowane iri. In za ku yi wa uwa bayani, ku faɗa mata abin da allura ke yi, ku faɗa mata inda ta tsaya, ko da fuskarta za ta canza. Iyayen nan suna jin magana, sun fi yadda muke zato. Malam Sabo jin maganarmu ya yi.