Ranar da Inna Ta Yi wa Motata Shafe

Shekarar da kuɗin man fetur suka haukata ƙasar nan, ni ma na haukace daidai matsayina. Ina akawu a lokacin. Gwamnatin soja ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, aka wayi gari masinjan ofishinmu yana taya babur. Ni da na fi shi da kujera da fanka, na ga babu abin da ya dace da ni sai mota. Motar ma baƙa. An nuna mini fara, na ce wannan ta asibiti ce. Manya baƙa suke shiga, ni kuwa na riga na yanke shawarar zama babba.

Abin da ban lura da shi ba, manyan nan motocinsu akwai na'urar sanyi, gidajensu akwai rumfa, kuma suna da direban da zai riga su shiga ya shanye zafin. Ni a Ƙofar Taramniya nake, inda gida ke jingine da gida. Itacen dogon yaro ɗaya ne a lungunmu, shi ma tsofaffi sun gaje inuwarsa tun kafin a haife ni. Ga shi da bazara na sayo ta. Rana a Sakkwato ba fitowa take yi ba, saukowa take yi ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Kafin azahar motata ta zama abin da ko ƙadangare ya hau sai ya sauka yana salati. Sitiyari da hulata nake riƙe shi. Ina tuƙi kai ba hula, gumi yana bin gemu, amma ina ɗaga wa mutane hannu a hankali kamar kwamishina.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, mahauci ne, bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Ranar da ya fara ganin motar ya ɗora tafin hannu a kan rufinta, ya janye da sauri, ya ce, "Ranka shi daɗe, nawa za ka ba ni hayar bisanta? Kilishina na shan wahala bisa gadon kara."

Na ce masa mahauci bai san mota ba, ya tsaya ga saniya.

Duk wannan fankamar ta waje ce. Don Inna, mahaifiyata, na sayi motar. Tsohuwar nan da ƙafa ta yi rayuwarta, da tallar fura ta biya mini littafi, har gwiwoyinta suka gaji suka ajiye aiki. Na daɗe ina ce mata wata rana a mota zan riƙa kai ta unguwa. To ranar ta zo. Na buɗe mata ƙofa da kaina, maƙwabta suna kallo. Motar ta wuni a rana, kujerun kuma na leda ne. Inna ta yi bismillah ta zauna.

Ban taɓa sanin gwiwoyin nan suna da sauran aiki ba sai ranar. Kafin in zagaya wajen sitiyari har ta kai zaure.

Daga can ta ce, "Wagga ba mota ta ba, tanda ta! Waina kaka son yi da ni? Wallahi ba ni ƙara shiga baƙar tukunyar nan."

Na yi dariya, na ce za ta huce. Motar ce ba ta huce ba, Inna ma haka.

Ana nan sai saƙo ya zo daga ƙauyenmu, can bayan Kware, cewa yayar Inna, wadda muke kira Inna Babba, tana kwance, jiki ya yi nauyi, kuma ƙanwarta kawai take kira. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Babbar motar da ke zuwa ƙauyen sai ranar kasuwa, kuma hawanta sai mai ƙafa biyu masu lafiya da hannu huɗu. Hanya ɗaya ce ta rage, tana nan a ƙofar gida tana tafasa.

Na ce, "Inna, in rantsuwar ce, zan yi miki kaffara."

Ta ce, "Kaffara tana maida fatar cinya?"

Na ce mu tashi da asuba, da sauran sanyi.

"In mun tahi da asuba, da mi za mu dawo? Ko can za ka bar ni?"

Ta faɗi haka da ƙarfi, amma na ga ta juya fuska tana gyara kallabin da ba abin da ya same shi. Daren nan tuwonta ya kwana a kwano.

Taubashina ya ce in kai motar Sabon Gari, akwai wani mutumin Filato mai fesa fenti, ya mayar mini da rufin fari, zafin zai ragu. Na je. Na tarar da layin motoci, don a shekarar duk wanda ya samu kuɗi ya sayi mota, duk wanda ya sayi mota ya buga ta da bango. Mai fentin ya ce sai bayan sati biyu ko uku. Na nuna ɓacin rai sosai, na fito ina shafa baƙin fentina kamar wanda aka ce ɗansa ba sai an yi masa allura ba.

Ranar Asabar na koma barci bayan sallar asuba. Da hantsi hayaniya ta tashe ni. Na fito da zanen rufa a kafaɗa, na tarar da rabin unguwa a ƙofar gida. Ga Inna bisa turmin da aka kifa, mata biyu sun riƙe ta, ƙwarya cike da farar ƙasa a hannun hagu, tsumma a hannun dama. Ta gama rufin, ta gama murfin inji, tana kan bayan motar. Shafe take yi irin wanda take yi wa ɗakinta in salla ta gabato, hannu yana zagayawa, har da ƙaro ta jiƙa a ciki don ya kama. A gefen ƙofa kuma ta ja ɗan zane da yatsa, don kada a ce aikin ba ado.

Na kutsa cikin mutane na isa gindin turmin.

Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Ka taɓa ganin mai hankali da baƙar riga cikin bazara? Ɗauko makulli. In ta bushe mu tahi."

"Inna, motar Turai ce fa!"

"To Turawan ba su da ɗaki? Ba su shahe?"

Taubashina, wanda ko gobara ake yi sai ya riga ruwa zuwa, yana tsaye yana share hawaye. Ya ce, "Inna, ki sa mata jere ciki, a kawo amarya. Ranka shi daɗe, yau ka zama babba. Duk Sakkwato kai kaɗai ad da ɗaki mai taya."

Aka shimfiɗa mata tabarma da zane biyu a kujerar baya. Ta taɓa rufin daga ciki da bayan hannu, ta jira, ta sake taɓawa kamar mai gwada zazzaɓin yaro, sannan ta shiga. Ta ce rantsuwarta a kan baƙar tukunya ta yi, wannan kuwa kowa ya ga ba baƙa ba ce. Ban nemi fatawar malami ba.

Ba zan ce motar ta zama randa ba. Amma ranar da hannuna na riƙe sitiyari, hulata tana kaina inda Allah ya yi ta zauna. Muka bi ta Ƙofar Kware, yara da manya suna nuna mu, farar ƙasa tana tashi a bayanmu kamar muna raba gari sadaka.

A bakin gari akwai shingen soja. A kwanakin an ba da umarni a shafa fari a duk bangon da ke bakin titi, da duwatsu, da gindin bishiyoyi, don wani babba zai kawo ziyara, kuma an san babba ba ya son ganin ƙasa da kalar ƙasa. Sojan ya zagaya motar, ya lakato farin da yatsa, ya duba, ya dube ni.

Ya ce, "Oga, bango aka ce. Ba a ce mota ba."

Inna ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗana, mu ba mu jiran a ce."

Ya ƙame, ya sara mata, ya ɗaga sandar shingen. Tun da na sayi motar ina neman a girmama ni, wannan ce gaisuwar soja ta farko da ta samu, ita ma ba ni aka yi wa ba.

Mun tarar da Inna Babba ta rame har ta koma kamar yarinya, idanunta sun kusa rufewa. Suka riƙe hannun juna, ni na fita waje na ba su wuri. Can da la'asar aka ce tana son a fito da ita ta ga motar ɗanta. Aka tallafo ta. Ba ta gani sosai, sai ta kai hannu ta shafa murfin injin, ta bi shi a hankali, ta murza yatsu.

Ta ce, "Wa yay yi wanga shahe?"

Inna ta ce, "Ni ce, Yaya."

"Na sani. Ƙaro ya yi yawa, kuma kin bar sawun tsumma. Tun muna 'yan mata nike gaya miki hannu ɗaya aka bi. Ba ki ji."

"Bisa turmi nike, Yaya!"

"Ko bisa raƙumi kike."

Suka yi ta yi, tsohuwa da tsohuwa, har Inna Babba ta yi dariyar da ta sa ta tari. 'Yan gidan suka ce rabon da su ji muryarta haka tun kafin ta kwanta. Ba ta ga ƙarshen daminar shekarar ba.

Ruwan farko da aka yi ya wanke rabin shafen, ya bar mini mota mai zane-zane kamar an yi mata kuka. Inda ƙaron ya kama kuwa, da aka kankare sai ya tafi da baƙin fentin gaba ɗaya. Na koma Sabon Gari na bi layi. Mai fentin ya tambaye ni wane launi, na ce fari, sama da ƙasa.

Da na kawo ta gida tana walƙiya, Inna ta fito ta zagaya ta, ta shafa murfin injin da tafin hannu.

Sannan ta ce, "Wanga ya bi hannu ɗaya. Buɗe mini, ka kai ni kasuwa."