Kwalin Kajin Ƙanƙara

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, maigidana, Malam, ya ajiye keken ɗinki ya koma kiwon kajin gona a bayan gidanmu na Ƙauran Namoda. Shi ke sayo 'yan tsaki da kai kaji kasuwa, ni ke sharar kashi da zuba ruwa. Masu sayar da abinci a bakin makarantar kimiyya da masu gashi na tasha duk wurinmu suke saye. Ban taɓa son warin akurkin nan ba, amma shi ya rufa mana asiri.

Sai kajin ƙanƙara suka fara shigowa. Daga ƙasashen ƙetare ake kawo su cikin kwali, a biyo da su ta Nijar a ɓullo ta Shinkafi, an fige, ba kai ba ƙafa, ga arha kamar tsintowa aka yi. Matar da ta fi kowa sayen kajinmu ta fara kawar da kai in ta hango Malam.

Ranar da aka yi shelar shari'a ya shigo gida bakinsa har kunne.

"Ke, wahala ta ƙare! Kajin ga, wa yay yanka su? Wa yaj ji an yi bisimilla? Mushe na. Yanzu wa ka iya saida mushe cikin Ƙaura?"

Na ce, "Malam, a dai bari a gani. Kaji ba su san shari'a ba, dawa suka sani."

Dariya ya yi mini. Kafin wata ya ƙare ya cika akurki da sabbin 'yan tsaki har ba wurin aje ƙafa.

Ita kazar gona ba ta jira. In ta isa sayarwa ba a sayar ba, ci kawai take yi. Abincinsu ya ƙare, Malam ya buɗe rumbu. Ina tsaye ina kallon dawar da muka noma don tuwon yara tana tafiya cikin kaji, kullum sai ya ce mini gobe-jibi za a hana kajin ƙanƙara. Wallahi na ji haushinsa, har na daina kai masa ruwan alwala.

Da ya gaji da jira, ya kai maganar gaban limamin unguwarmu. Aka kira mai sayar da kajin ƙanƙarar, bai yi musu ba, kwali ɗaya ya sa aka ɗauko. A gefensa an buga halal da harufan Larabci, manya-manya. Liman ya duba, ya ce shi ba zai kira abu mushe ba alhali ba shi da shaida, ga kuma rubutu.

Malam ya dawo ya zauna a dokin ƙofa. "Da Larabci sunka rubuta," abin da ya ce ke nan.

Zafin bazara ya ƙarasa mu. Kajin sun yi nauyi, sai ka ga kaza ta buɗe baki tana haki, ta kife. Mu da muke kiran na wasu mushe, mu ne muka koma tsere da wuƙa don kada namu su riga mu. Yara suka ci nama har ya gundure su, suna kukan tuwo, rumbu kuwa sai ƙura.

Bayan akurki ya zama wayam, wata rana iska ta jefo irin kwalin kajin nan cikin kwatar ƙofar gidanmu. Na sa ƙafa zan shure shi, Malam ya daka mini tsawa. A garinmu ba a barin rubutun Larabci a ƙasa, ko guntun takarda ne sai an ɗaga. Ya duƙa ya ciro shi, ya goge ƙazantar da bakin rigarsa. Ya duba bai ga inda ya dace ba, sai ya shiga akurkin ya soke shi can sama tsakanin azara da kwano, inda ƙafa ba za ta kai ba.