Zauren da Haruna bai rufe ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe shago aka ce min Haruna kafinta ya rasu.

Jiya da la'asar ya ɗauro ƙofa a babur zai kai wa wani a Nasarawa Burkullu. Bai isa ba, a hanya ajali ya riske shi. An yi jana'izarsa ɗazu a nan Gummi.

Shagona na gyaran waya bango ɗaya ne da nasa. Bencin da kwastomomina ke zama a kai shi ya yi min, ban roƙa ba. Ya ce ya gaji da ganin dattawa a tsaye suna jiran caji.

Ni na sa masa gem a waya, wasan nan da ake sare itatuwa a yi gini da ƙananan tubala. Don tsokana na yi, ina cewa bari mu ga kafintan a nan. Ashe na jawo wa kaina aiki.

Sati bai cika ba ya raɗa wa kowane icce na ciki suna. Mai jan ciki da ke fitowa a fili ya ce bagaruwa ce. Baƙin nan mai kauri, maɗaci, shi yake ƙofa da shi. Mai duhu dogo, marke. Mai ruwan hoda kuwa ya ce na gadon amare ne, ba ruwansa da shi.

Farin mai ɗigo-ɗigo ne abokin gabarsa. Ko kyauta ba ya ɗora shi a rufi, wai gara za ta cinye. Na ce, "Haruna, babu gara a cikin waya fa!"

Ya ce, "Kai ɗai ka san haka. Ni hannuna bai sani ba."

Sai daga baya na gane abin da yake ginawa. Su Haruna mutanen wani ƙauye ne a wajen Gwashi, rashin tsaro ya taso su. Mahaifiyarsa, Inna, tana ɗaki guda a nan cikin gari, kuma kullum zancenta gidan da suka baro. Gidan nan Haruna yake tayarwa a waya, ɗaki bayan ɗaki, don ya nuna mata. Bai gaya mata ba. Da dabara yake tambayarta ina rumbu yake, ta wane gefe ƙofar madafa take kallo, sai ya dawo shago ya rushe ya gyara.

Komai ya kammala sai rufin zaure. Na gaskiyar da azarar giginya aka yi shi, a gem ɗin kuwa babu giginya. Ya tsallaka daji da teku a cikin wayar nan yana nema. Na sha gaya masa ba a saka ta ba, sai ya ce ban dai yi nisa ba ne.

Shekaranjiya ya kawo min wayar, wurin cajinta ya lalace. Na ce ya haƙura ya rufe da marken nan, ai launin ya yi kusa.

Ya ce, "Baba da hannunai yaɗ ɗora azaran ga. In sa wani icce, Inna na dubawa za ta gane ba gidanta na ba."

Da zai fita ya juyo ya ce ya haƙura da neman, ya samo dabarar jera icce iri biyu su ba da zanen giginya, in ya dawo zai gwada. Bai faɗa min waɗanne biyun ba. Ni kuma ban tambaya ba, ina ta fama da wata waya. Wannan rashin tambayar na damuna ƙwarai.

Bayan an dawo daga maƙabarta na shiga gaida Inna. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kai ne maƙwabcinai mai waya? Ya ce mani jibi za shi kai ni gida. Nic ce mai hanya ba ta biyuwa, yay yi dariya. Wane gida yaka nuhi?"

Wayar tana aljihuna a lokacin. Kuka kawai na yi.

In an yi addu'ar uku zan koma in zauna kusa da ita, in shigar da ita gidan da ke wayar tun daga bakin ƙofa har ɗakinta. Rufin ba zan taɓa ba. Zan gaya mata gaskiya, cewa ɗanta ya ƙi rufe mata zaure da iccen da ba na mijinta ba.

Allah Ya gafarta wa Haruna, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba shi gida a Aljanna wanda ba mai tashinsa daga ciki. Allah Ya ba Inna da iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa min ƙarfin zuciyar zaman nan da Inna.